Ɗakin Ƙarshe a Bakin Rami

Zuwa ga matata, Uwar Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Inna da yarinyar nan tamu mai tambayar tsiya. Yaya ƙafar Inna? Tana shan maganin, ko har yanzu tana tura shi ƙarƙashin filo ta ce miki ta sha? Yaya shago da masu kawo ɗinki? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku, ita kuwa asibitin kamfani ba su da ƙwayarta.

Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san halin waya a nan. Sai mutum ya hau tsibin ƙasar da tifofi ke zubarwa kafin ya samu sabis, can kuma za ki tarar da maza tsaitsaye kowa na ihu cikin wayarsa, mai lallashin mata da mai faɗa da ƙaninsa, duk a kunnen juna. Maganata ba ta saman tsibi ba ce. Direban motar kayan abinci zai miƙo miki wannan. Na yarda da shi, ba don amanarsa ba, don ƙyuyar karatunsa.

Ki nemi wuri ki zauna. Na samu ɗaki. Ba gado a zauren gwauraye ba, ɗaki na masu iyali, mai ƙofa da makulli da taga da ɗan wurin girki a baya. Kin san mijinki, shekarun da na yi ina dillancin tsofaffin babura a kasuwa ba su tafi a banza ba. Mai rabon ɗakuna ya ce layi na da tsawo, na ce ranka ya daɗe, ai ni ma dogo ne. Kullum sai na bi ta ofishinsa in gaishe shi, in yaba takalminsa, in tambayi lafiyar surukarsa da ban taɓa gani ba, har ya gaji ya miƙo min makulli don ya huta da ni.

Ɗakin shi ne na ƙarshe a jere, wanda ya fi kusa da ramin haƙa. Wasu sun ƙi shi wai ƙara ta yi yawa, ni kuwa na ce tagarsa ta fi talabijin. Daga nan za ki ga ramin gaba ɗaya, an yanka gefensa hawa-hawa kamar matakala, manyan motoci na rarrafe a ƙasa kamar ƙwari. A sama jar ƙasa ce, ƙarƙashinta rawaya, sannan dutse mai toka-toka, can ƙasa kuma baƙin dutsen da ake wa duk wannan wahala. Da rana jiniya takan yi kuka kafin a tashi nakiya, kofuna su ɗan yi rawa a kan kanta, shi ke nan. Cikin mako guda za ki daina ji.

An kuma canza min aiki. Na bar ɗaukar buhunan samfurin dutse, yanzu ina ƙarƙashin wata injiniya da muke kira Uwar Duwatsu. Ba ta da yawan magana, sai dai idan dutse aka taɓo. A bayan jeren ɗakunanmu akwai wata 'yar tsaga a ƙasa, siririya, yatsa ma da ƙyar yake shiga, ta bi gefen shinge ta ɓace cikin ciyawa. An kafa turakun ƙarfe, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Aikina in auna tsakaninsu kowace safiya, in faɗa mata ta rediyon hannu. Aikin da ake yi tsugune, a inuwa, ga shi a bayan ɗakina. Ki ce Allah bai so ni ba.

Abu ɗaya ne na san zai hana ki zama: ruwan kwata. Matan jeren nan na wanki da wanke-wanke, ruwa ya taru bayan banɗakuna, sauro ya buɗe kasuwa. Na ce matata tela ce mai tsabta, ba za ta kwana biyu a nan ba. Sai na samo guntun bututu a juji, na haƙa 'yar rariya, na karkata ruwan jeren duka zuwa cikin wutsiyar tsagar nan, can cikin ciyawa. Ƙasa ta shanye shi tas, ko gyatsa ba ta yi. Bayan gida ya bushe ƙayau. Matar kaniken da ke kusa da ni ta ce da ana zaɓen shugaban jere da ni za ta zaɓa. Baban Famfo, wani dattijo mai kula da injin tsotse ruwa a cikin rami, ya ce ashe dillalai ma suna da amfani.

To, ki fara shiri. Idan an ba su Alƙaliya hutu ku taho, akwai makaranta a garin da ke kusa, motar kamfani ke kai yara. Babbar 'yar'uwata, Yaya, ta ce za ta ɗauki Inna wurinta, na riga na yi magana da ita. Ki gaishe min da Inna, ki ja min kunnen Alƙaliya a hankali.

Mijinki,
tsohon dillali, sabon mai gida

*

Zuwa ga Uwar Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan zazzaɓin da kika ce ya taɓa yarinyar ya sauka. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Kin ce kin san bakina, wai ni ne na taɓa sayar wa mutum babur marar birki na ce masa babur ne mai son tafiya. Kin tambaya ko ɗakin ma irin wannan ne. Wallahi wannan karon kayan na da kyau. Na auna miki wurin keken ɗinki, ƙarƙashin taga zai zauna, haske na faɗowa daidai kan allura. Matan jeren nan kuwa ba su da tela, sai sun shiga gari. Na riga na yi miki talla, matar kanike ta ajiye yadi tana jiranki. Na ji daɗi da kika ce kin faɗa wa mai shago za ki bar masa wurinki ƙarshen wata. Na san ba ƙaramin abu ba ne, kin daɗe kafin ki samu kusurwar nan ta bakin titi.

Tambayar Alƙaliya kuma, wai idan aka ci gaba da haƙa ramin ba za a ɓulla ta ƙasan duniya ba, na kai ta gaban Uwar Duwatsu. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta, ta zauna kan akwatin samfur ta yi min karatu. Ki karanta wa yarinyar wannan. Ta ce ramin namu, duk girmansa, bai kai ƙarzanen farce a jikin kankana ba. Ta ce ƙasar da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce, ɓawo ne da ya fashe manya-manyan ɓangarori, kamar tukunyar da ta tsage ba ta wargaje ba, kuma kowane ɓangare na tafiya a kan dutse mai zafi da ke can ƙasa. Saurin tafiyar kamar tsiron farce. Inda biyu suka yi karo, ƙasa takan tattare ta zama tsauni, kamar yadda yadi ke tattarewa idan kin tura shi da hannu biyu. Na ce mata to ashe ni da iyalina ma muna iya matsowa kusa da juna ba mu sani ba. Ta ce a ɓangare ɗaya muke, tare muke tafiya. Na ce Hajiya, wannan ilimi naku ba ya taimakon talaka.

Ta nuna min kuma yadda shimfiɗun dutsen wurin nan suka karkata. Wai a kwance suke da, irin wancan karon ne ya jingine su tun kafin a halicci mai ba da labari, kuma ta gefenmu sun karkato ne zuwa cikin rami. Shi ya sa take sa ido kan tsagar. Ni dai na ce bangon da ya tsaya tun zamanin da, ba zuwan dillali ne zai kayar da shi ba.

Na yi wa ɗakin fenti, ruwan ƙwai, irin wanda kike so. Na sa ƙusoshin labule. Na sayi ƙwallo ja a gari na ajiye wa Alƙaliya, kada ki faɗa mata. Abin da ban faɗa miki ba a waccan takardar shi ne, ɗakin ya fi zauren gwauraye shiru. A can aƙalla akwai mai munshari da mai rigimar sabulu. A nan idan na dawo da la'asar, sai in ji ta bango matar kanike na yi wa 'ya'yanta faɗa, cokula na ƙara, wani na kuka don an raba ba daidai ba. Ni kuwa in zauna da kwanona ɗaya, in ci rabi in rufe. Ran nan na kama kaina ina yi wa buta bayanin yadda aiki ya kasance. Ta saurara fiye da ke, amma ba ta da amsa.

Ƙofar ta fara ɗan cijewa ta ƙasa, sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Kafinta ya ce iskar damina da ke tafe ce ke kumbura katako, ya fere min ita. Awon turaku ya ƙaru da abin da bai kai kaurin zare ba, Uwar Duwatsu ta ce in ci gaba da sa ido.

Ki gaida Yaya idan ta zo ɗaukar kayan Inna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
mai hira da buta

*

Uwar Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da yarinya, da fatan Inna ta saba da gidan Yaya. Na ji kin kwance keke kin ɗaure shi cikin bargo, kin raba wa maƙwabta abin da ba za ki ɗauko ba. Sannu da ƙoƙari. Ki karanta wannan ke kaɗai, ba a gaban Alƙaliya ba.

Tun da ruwa ya sauka sosai, awon nan yake hawa. Da sai a yi mako ban ga bambanci ba, yanzu kowace safiya sai na ga ƙari. Tsagar da yatsa ba ya shiga, yanzu tafin hannuna na shiga a gicciye. Uwar Duwatsu ta zo da kanta, ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ta ce abin na ɗaure mata kai. Wai motsin ya fara ne tun kafin damina, alhali a lissafinta ƙasar a bushe take a lokacin. Ta ce tsakanin shimfiɗun dutsen nan akwai wani siririn layi na yumɓu. Muddin a bushe yake, yana riƙe abin da ke kansa. Idan ya jiƙa, sai ya koma kamar sabulu, duk abin da ke samansa, ƙasa da shinge da ɗakuna, ya kama hanyar rami. Ta ce babban abin da take tsoro shi ne ruwa ya shiga ta bakin tsagar, don kai tsaye zai gangara wurin yumɓun. Ta dube ni ta ce, kai da kake kwana a nan, ka taɓa ganin inda ruwa ke shiga?

Uwar Alƙaliya, na sha tsayawa gaban mai saye ina rantsuwa kan injin da na san ya sha ruwa, gabana bai taɓa faɗuwa irin na ranar ba. Bakin bututuna na can cikin ciyawa, taku kaɗan daga inda take tsugune, na rufe shi da tsohon kwanon rufi don kada yara su cusa masa tsumma. Bakina ya riga ni. Na ce mata ai matan jeren nan ruwa ma rowarsa suke, wa zai zubar. Na ja ta da hira zuwa ɗaya gefen, na nuna mata wani rami da ɓeraye suka yi, na tambaye ta labarin tsaunuka. Ta tafi tana cewa idan awon bai tsaya ba za ta sa a kwashe jeren gaba ɗaya.

Da yamma maza suka taru ƙofar Baban Famfo, na faɗa musu yadda ake ciki. Kanike ya ce ashe shugaban jere ne ya jiƙa mana gindi. Baban Famfo ya hana su yi min ca. Ya ce ɗana, abin da ya faru ya faru, dukanmu mun zuba ruwa a bututun nan, dukanmu mun yaba. Ya ce ya tsufa a ramuka, ya ga tsagar da ta buɗe baki ta yi shekaru ba ta haɗiyi kowa ba. Idan aka kwashe mu, babu wasu ɗakunan iyali, mata da yara gida za a tura su, maza kuma zauren gwauraye. Tsohuwarsa ba ta gani sosai, ba ta da kowa a gida, shi ke sa mata maganin ido safe da yamma. Ya ce ka cire bututunka a ɓoye, ƙasa za ta bushe ta kwanta, kai kuma da safe ka ɗan sassauta idonka a kan ma'auni har damina ta wuce. Kanike ya ce ko a ɗan matso da turke ɗaya da guduma, wa zai sani.

Bututu dai na cire shi, na cike rariyar, na dasa ciyawa a kai yadda ko mai unguwar ɓeraye ba zai gane ba. Turke kuwa ban taɓa ba, awo ma gaskiya nake faɗa, sai dai ina faɗinsa da murya mai daɗi. Ina fata ya lafa. Mutumin ya fi ni sanin rami, kuma ina son ya zama shi ke da gaskiya fiye da yadda na taɓa son wani ciniki ya faɗa.

Kada ki fasa shiri. Ki dai ɗan jinkirta sayen tikiti har ki ji daga gare ni. Idan Alƙaliya ta tambaya ki ce fenti ne bai bushe ba.

Mijinki

*

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Kada ku taho. Na sa shi a farko don kada ki yi ta neman shi cikin surutuna.

Bayan na cire bututun awon ya ɗan yi sanyi, har na fara tsara miki takardar albishir a kaina. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, ya koma hawa fiye da da. Ƙofar da kafinta ya fere ta sake cijewa. Na ce wa kaina katako ne. Fentin da na yi ya tsage a kusurwa, na ce fentin ne marar kyau, dama mai shagon bai yi min kama da mai tsoron Allah ba.

Ranar hutuna da hantsi ina shara, na ɗauko ƙwallon yarinyar daga kan kanta na ajiye a ƙasa don in goge wurin. Ina juyowa na gan ta tana tafiya ita kaɗai. A hankali, ba wanda ya taɓa ta, ta ratsa tsakar ɗakin ta wuce inda na ce kekenki zai zauna, ta je ta tsaya jikin bangon da ke kallon rami. Na ɗauko ta na mayar, ta sake tafiya. Lokacin da na kawo ta daga gari a tsakar ɗakin nan na ajiye ta, ta kwana inda na bar ta. Na zauna bakin gado na rasa wanda zan yi wa dillanci. Nan ne fa na shirya shimfiɗa wa Alƙaliya katifarta, jikin wannan bangon, don ta riƙa leƙen motoci ta taga.

Na sa ƙwallon a aljihun riga na tafi ofishin Uwar Duwatsu. Na faɗa mata komai, bututu da rariya da kwanon rufi da ramin ɓerayen da na ɗauke mata hankali da shi. Ban sa wa maganar gishiri ba, karo na farko a rayuwata na kwance kaya na nuna inda ya lalace kafin a tambaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambayi tun yaushe ruwan ke shiga, ta tambayi na ɗaki nawa ne, ta ɗauki hular kwanonta. Da muka isa ta karɓi ƙwallon ta ajiye a ɗakin kanike, ta gangara. Ta ajiye a ɗakin Baban Famfo, ta gangara, tsohuwarsa na tambaya wane yaro ne ke wasa a ɗakinta.

Kafin la'asar an zagaye jeren da jan kirtani. Motar kamfani ta yi ta jigilar katifu da tukwane. An sauke mata da yara a ɗakin taro na kwana biyu kafin a nema musu motar gida. Na taya kanike ɗaukar gado, ya ce in sake masa kayansa, hannuna na da ruwa. Matarsa ta wuce ni da yadin da ta ajiye miki a hammata, ba ta dube ni ba. Baban Famfo ne kawai ya tsaya gabana. Ya riƙo hannun tsohuwarsa, ya ce ɗana, da ka bari na ji daga bakinka kafin na ji daga jan kirtani. Na matsa gefe na ba su hanya.

Ba a kore ni ba. Uwar Duwatsu ta ce wanda ya ɓata kuma ya zo ya faɗa, ya fi mata amfani a bakin tsaga fiye da sabon da ba ta san irin ƙaryarsa ba. An dai yi min gargaɗi a gaban manya, na sunkuyar da kai yadda ya kamata.

Na san kin bar shago, na san an ba wata wurinki, na san Inna ta riga ta koma gidan Yaya. Ni na sa ki kika yi duk wannan, da bakin nan nawa. Ki yi haƙuri, ko kuma kada ki yi tukuna, duk wanda kika zaɓa daidai ne. Ki kwance keken daga bargo kada tsatsa ta kama shi.

Mijinki

*

Uwar Alƙaliya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙoƙari, yaya ɗinki a tsakar gida? Na ji Inna ta ƙi zama wurin Yaya ta dawo, wai gadonsu na da tauri. Ki gaishe ta, ki ce ɗanta na nan da ransa.

Takardarki ta iso. Direba ya miƙo min ya ce yau kayan ba nauyi. Na ga layukan ba su da yawa, kuma ban ga inda kika tsokane ni ba ko sau ɗaya, daga nan na gane zurfin fushin. Kin ce ba ɗakin ne ya ƙona miki rai ba, takardar da na ce kada ki fasa shiri ce, alhali na riga na san abin da ke ƙarƙashin ciyawa. Gaskiyarki. A makon da ta iso miki ne kika miƙa makullin shago. Ba ni da ciniki a kan wannan.

Kin tambaya ko jeren ya rufta. Bai rufta ba. Yana nan tsaye, ɗakuna a rufe, rana na haska fentina. An toshe bakin tsagar da yumɓu da leda, an huda gefen ramin an sa bututai don ruwan ciki ya tsiyaye. Motsin ya ragu, bai tsaya ba. Na tambayi Uwar Duwatsu yaushe jeren zai rufta, ta ce yana iya zama gobe, yana iya kai lokacin da Alƙaliya za ta yi aure, amma ba za ta sake kwantar da ɗan kowa a kansa ba. Ki ga irin kayan da aka bar ni da su. Da ya faɗi, da mutane sun ce na ceci rai. Da ya tsaya cak, da na ce na yi kuskure na ba su haƙuri. Shi kuwa ya zaɓi ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, yadda ba mai gani sai ni da ma'aunina.

Na koma zauren gwauraye, gadon sama, kusa da fanka marar aiki. Kanike na ƙasa da ni. Idan na shigo hira takan mutu, a wurin cin abinci kuma benci na yi min faɗi. Wani ya laƙaba min Injiniyan Kwata, sunan ya kama, har masu gadi sun ɗauka. Ina amsawa, me zan yi. Baban Famfo ya ajiye aiki ya bi tsohuwarsa gida, tun da ba mai sa mata magani. Ranar da zai tafi na je tasha na tsaya nesa. Ya hango ni ya ɗaga hannu, ban sani ba ko sallama ce ko cewa yake in tsaya inda nake.

Kowace safiya ni kaɗai ke da izinin tsallake jan kirtanin. In tsuguna bayan ɗakinmu in auna, in faɗa a rediyo, in tashi. Ba a yarda in shiga ciki ba. Wani lokaci nakan leƙa ta taga.

Na koma wurin mai rabon ɗakuna. An ce za a gina sabon jere can nesa da rami, a kan dutsen da Uwar Duwatsu ta zaɓa da kanta, amma ba a ko share filin ba. Ya ce sunana na can ƙarshen layi, bayan duk waɗanda aka kwashe. Na ce haka ya dace. Ya ɗago yana jira in yabi takalminsa, na yi masa sallama na fito. Ba zan ce miki ki shirya ba, ba zan ce miki wata kaza ba. Ranar da na riƙe makulli a hannu, kuma na ji daga bakin wadda ta san ƙasa, sannan zan rubuto, ke kuma ki ga ko kina so.

Alfarma ɗaya nake nema. Na shiga gari ran nan na ga wata riga mai aljihu biyu, na ce wannan ta Alƙaliya ce, ta samu wurin zuba tambayoyi. Mai shagon ya ce kamar yaya tsawonta. Na ɗaga hannu zan nuna masa, hannun ya tsaya a iska. Inda na san kanta na kaiwa, na bara ne. Na ce masa zan dawo.

Ki tsayar da ita jikin bango ba takalmi, ki auna ta da zaren ɗinki daga ƙasa zuwa kai, ki yanke ki naɗe min a cikin takarda. Ko ba ki rubuta komai ba, ki ba direba zaren.

Mijinki,
baban Alƙaliya